Hoton Uwar Ango

Tun ranar da Afra'u ta sa manhajar nan a kwamfutarta bakinta bai ƙara hutawa ba, kunnen mutanen Zongo ma bai huta ba. Manhaja ce ta tsara albom, irin ta manyan masu hoto. Ka juye mata hoto dubu, ta tace su, ta ware wanda aka rufe ido da wanda hannu ya girgiza, ta ba sauran taurari gwargwadon kyansu, ta jera su shafi-shafi kafin shayinka ya huce. Afra'u ba ta ce mata manhaja. Lojisiyel take cewa, tana wani tsuke baki sai ka rantse a Faris aka haife ta, alhali a layin 'yan goro aka binne cibiyarta, nan bayan masallacin direbobin tirela. Kwana uku kacal ta yi tana koyon abin a wani otal na bakin teku. Ta dawo da takardar shaida, ta sa mata gilashi ta rataye a shago, shi ke nan kowa ya zama ɗan ƙauye.

A faɗi gaskiya, ta iya hoto. Amma ba iyawar ke ciyar da ita ba, ba kuma lojisiyel ba. A Zongo, ranar wunin mata, in baƙin nesa sun watse aka sa wa ƙofa sakata, aka kifa ƙwarya a cikin bahon ruwa, to nan ake ganin abin da ba a gani. Matan limamai da hajiyoyin da ko tari ba sa yi a gaban maza su yar da mayafi, su tuɓe ɗankwali, su yi rawar da mazajensu ba su san sun iya ba. Mai kyamara ɗaya tak ake bari a ciki, Afra'u. Shekara tara tana wannan shiga, ba a taɓa jin hoto ɗaya ya fita ba, ko a waya ko a takarda. Kowane biki albom biyu ake yi. Na maza ya zauna a falo, kowa ya ɗaga. Na mata, ɗan ƙarami, ta naɗe shi a zane ta kai wa uwar biki hannu da hannu, ya shige ƙasan akwati. Ranar da ɗaya daga cikin hotunan nan ya faɗa idon namiji, ranar sana'arta ta ƙare, kuma ta san haka sarai tun tana yawo da kyamarar aro.

Wadda ta fara buɗe mata wannan ƙofa Hajiya Hamdiya ce, mai rumfar atamfa a kasuwar Asigame. Ita ta tsaya gaban mata ta ce ta san uwar Afra'u, ta san gidan da ta fito, a bar ta ta shigo, in wani abu ya fita ita Hajiyar za a kama. In kuwa Hajiya Hamdiya ta tsaya wa mutum ba a ƙara tambaya, domin da kunyarta ake misali a unguwa. Shekara talatin da ɗaya tana gida ɗaya da surukinta Malam Sadiƙ, mahaifin mijinta Alhaji Munir, tsohon da ke karantar da manyan littattafai a rumfar ƙofar gida. Bai taɓa ganin ta tana kai loma ba. Bai taɓa jin muryarta ta wuce ta gaisuwa ba. Ita ke kai masa abinci da hannunta, ta durƙusa daga bakin ƙofa, fuska cikin mayafi, ta tura tire, ta ja da baya. A kasuwa kuwa, hm, matan ƙabilar Mina da suka gaji ciniki tun kaka da kakanni ma shakkar bakinta suke yi.

Da auren autanta Tawfiq ya tashi, ba a ma yi shawarar wa zai ɗauki hoton mata ba. 'Yan'uwa suka tsallako daga Nima da Kumasi, aka fitar da anko shuɗi, aka yi wuni. Ran nan Hajiya ta yi abin da ba ta yi a auren manyan 'ya'yanta huɗu ba. Ana tsakiyar kiɗa, bayan la'asar, ta miƙe ta ce yau ta sauke na ƙarshe, wanda zai hana ta rawa ba a haife shi ba. Ta zare ɗankwali ta ɗaure ƙugu da shi. Kitso sabo, furfura ta ratsa shi, hannu biyu a sama, baki buɗe har ana hango haƙorin Makka na can gefe. Afra'u ta sa gwiwa ɗaya a ƙasa ta ɗauka. Da ta duba bayan kyamara ta ce a ranta ba ta taɓa yin hoto kamar wannan ba, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ɓangaren maza Abdel ne ya ɗauka kamar kullum. Shi ke shiga masallaci wurin ɗaurin aure, shi kuma ke haɗa albom ɗin maza. Afra'u ko sunansa ba ta son ji. Albom ɗinsa irin mai aljihun leda ne, a zura hoto a ciki, a kusurwa ga fure ga tattabaru biyu sun haɗa baki, ga kan ango yana iyo a cikin kofin gilashi. Ta ce wannan ba aiki ba ne, cin mutuncin takarda ne, kuma in dai shi ne mai hoto to ita a canza mata suna. Ta tare Tawfiq, ɗan boko ne mai aiki a tashar jirgin ruwa, ta buɗe masa kwamfuta ta nuna masa samfurin da ya zo da lojisiyel: wasu Turawa ne suka yi aure a gonar inabi, littafi guda mai kauri, biki daga farkonsa har ƙarshensa. Tawfiq na ganin Turawa hankalinsa ya tafi. Ya sa Abdel ya miƙo hotunan maza, a haɗa komai wuri ɗaya. Abdel ya ciro ɗan katin daga kyamararsa ya ajiye mata a kan tebur, ita kuma ko kujera ba ta yi masa tayi ba.

Washegari da hantsi ta juye hoto dubu da ɗari huɗu ta danna. Abin ya yi ta juyi, ya fito da hukuncinsa. Ya zubar da rabin hotunan dattawa, wai sun rufe ido, alhali bayin Allah fatiha suke shafawa. Ya ba ragon biki taurari huɗu, ya ba wan ango biyu. Mai hankali da ya ga haka ai sai ya sha jinin jikinsa, ya gane abin nan bai san kowa ba a Zongo. Afra'u dariya ta yi, ta tsinto dattawan ɗaya bayan ɗaya ta mayar da su, tana jin daɗi wai ita da injin sun zama abokan aiki, shi da sauri ita da ido. Ta ɗora Malam Sadiƙ a shafin farko shi kaɗai, rawani fari tas, carbi a hannu. Maza suka cinye shafi ashirin. Daga nan har ƙarshe na mata ne.

Sai manhajar ta nemi hoton rufewa, wanda zai zauna a shafin ƙarshe, jikin bangon baya. Ta ma kawo shawararta, hoto ɗaya tilo da ta ba taurari biyar. Hajiya ce, hannu sama, baki buɗe. Afra'u ta ji kamar wani babban malamin hoto ne daga ƙasar waje ya dafa mata kafaɗa. Ta ja hoton ya cika shafi, gefe zuwa gefe, ko farin layi ba ta bari ba.

Saura Hajiya. Ta hau zemijan, wato acaɓa, har Asigame, ta same ta tana ninke turamen atamfa. Hajiya ta saurara, ta ce ita dai albom biyu ta sani, biyu aka saba. Afra'u ta gyara tsayuwa ta fara wa'azi. Ta ce duniya ta wuce nan, a Abijan da Dakar ba mai yin biyu yanzu. Ta ce na mata duk a baya za su zauna, tsakaninsu da na maza akwai baƙin shafi da rubutun zinare, da Faransanci, cewa daga nan sai mata. Ta ce ba ma wannan ba, za ta ɗaure shafukan matan gaba ɗaya da ƙyalle, ƙulli biyu, ba mai buɗewa sai ya kwance da gangan. Ranar kawowa kawai maza za su ɗaga nasu, daga nan littafi ya shige akwatin amarya.

"Hajiya, na san maza," in ji ta. "Namiji in ya ga kansa a shafi na uku, ya ga motarsa a na biyar, ya gama kallo."

Hajiya ta yi dariya, don gaskiya ce. Ta ɗora turmi a kan 'yan'uwansa, ta daɗe tana shafa shi.

"Ni ban san wani lojisi ba, 'yar nan. Ke na sani."

Kada a ce Afra'u ta yi sakaci, a'a, ta yi duk abin da ta saba har da ƙari. Ta kai aikin unguwar Hanukope wurin matar da ke buga mata hotunan mata tun fil'azal, ta tsaya a kanta har aka gama, ma'aikata maza suna waje suna shan iska. Ta sa aka goge komai daga injin a gaban idonta. Bango ta zaɓi kore, na fata, babu hoto gaba babu baya, sai sunan ango da amarya ƙanana a ƙasan kusurwa, sai ka matso za ka gan su. Wai haka masu aji suke yi, hoto a bango aikin su Abdel ne. Ta sayo jan ƙyalle mai sheƙi ta zagaye shafukan mata, ta ƙulla, ta ja, ta sake ƙullawa. Ta buɗe daga gaba sau goma tana gwadawa, duk sanda ta iso baƙin shafi sai abu ya tsaya cak. Ta ce kai, ko a Faris sai haka.

A gidan Malam Sadiƙ akwai al'ada: sabon abu ba ya shiga sai ya bi ta hannun tsohon ya sa albarka. Keken ɗinki ne, makullin mota ne, jariri ne, sai an ɗora masa a cinya ya yi bisimilla. Afra'u ta san da wannan, shi ya sa ma ta zaɓi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin da rumfar ƙofar gida ke cika maƙil. Tana iya bi ta ƙofar baya ta miƙa wa Hajiya kayanta salin alin. Ina! So take maza su ga yadda ake aiki, su ga Malam a shafin farko, su dubi Abdel da tattabarunsa su ji kunya. A ranta ta riga ta ƙwace albom ɗin mazan Zongo kaf, daga nan har Abeji.

Ta iso da laushin tafiya, jaka a kafaɗa. Mutum ya kai ashirin a kan tabarmi. Malam na kan buzunsa, Alhaji Munir a damansa, ga Kimba dillalin tumaki ya manne a hagu kamar kullum, ga Abdel can gefe da 'yar hularsa. Ta durƙusa daga nesa ta gaishe su. Tawfiq ya taso ya karɓa, ya zare albom daga kwali, ya kai wa kakansa da hannu biyu. Ta zauna a kan dugaduganta tana jira, fuska a sunkuye, kunne a buɗe, don kada yabo ɗaya ya wuce ta.

Malam ya auna nauyin littafin a tafinsa, ya ce masha Allah. Ya yi bisimilla. Sannan ya juya shi, ya kwantar da shi yadda ya kwantar da kowane littafi tun yana ɗan shekara bakwai. Mutumin da bai taɓa zama a ajin boko ba, wanda duk takardar da ta taɓa shiga hannunsa ta Larabci ce ko ajami, daga dama ake buɗe ta, ta ina ake so ya fara? Abin da Afra'u da lojisiyel ɗinta ke kira bangon baya, shi a wurinsa nan ne ƙofar littafi. Ga bango kore sumul ta ko'ina, ba abin da zai ce masa ba nan ba. Ƙyallen kuwa ya ɗaure shafuka da junansu ne, bai rufe fuskar na ƙarshe ba.

Ta ga hannunsa ya kama bangon. Taku goma ne tsakaninsu. Da ta zabura ta taka tabarmar maza ta fizge, da an ce Afra'u ba ta da kunya, a yi mako ana zancen, a manta. Da ko ƙara ta yi. Amma ta tsaya tunanin yadda za a dube ta, ita mai takardar shaida, tana tsalle a kan dattawa da takalmi mai tsini. Tana cikin wannan lissafin banza bango ya buɗe.

Idon Malam ya yi rauni, wannan ne ya ƙarasa ɓata lamarin. Bai gane komai ba da farko. Ya laluba aljihu ya ciro tabarau, ya goge da bakin riga, ya maƙala. Bai ishe shi ba, ya ɗaga littafin sama ya karkata shi wajen haske, yadda duk wanda ke rabin tabarmar nan sai da ya gani. Ya daɗe yana dubawa, tsakaninsa da Allah yana neman sanin baiwar Allahn da aka buɗe littafi da ita.

"Wace ce wannan?"

Alhaji Munir ya kafa wa babban yatsan ƙafarsa ido. Tawfiq ya daskare a tsugune. Abdel ne ya fara kau da kai, ya juya fuskarsa gaba ɗaya wajen titi yana kallon tirelolin da ke wucewa arewa. Sai Kimba, wanda Allah bai halitta da sakata a baki ba, ya miƙa wuya ya leƙa.

"Kamar Hajiyar gidan nan, Malam."

Yana faɗa shi ma ya ji abin da ya faɗa, ya shiga tarin ƙarya.

Malam bai ɗago ba. Ya rufe bangon a hankali, ya cire tabarau ya mayar aljihu. Ya ɗora tafinsa a kan littafin ya yi addu'ar da ya saba, ba ragi ba ƙari, Allah ya sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya. Aka shafa, kowa na kallon tafin hannunsa. Bai juya ɗaya gefen ba, bai ga rawaninsa fari tas ba, bai ma san yana ciki ba. Ya miƙa wa Tawfiq ya ce ya kai wa mahaifiyarsa kayanta. Daga nan ya tambayi Kimba farashin tumaki a wannan makon, Kimba ya kama zancen hannu bibbiyu kamar wanda aka ciro daga rijiya.

Afra'u ba ta san yadda ta miƙe ba. Ta zagaya ta ƙofar baya, wadda da ta bi tun farko. Labari ya riga ta shiga, tsakar gida tsit, matan da ke wanke-wanke ba wadda ta amsa sallamarta da ƙarfi. Hajiya na zaune a bakin madafa a kan 'yar kujera. A gabanta ga tiren Malam an shirya, tuwo da miyar ayoyo, an rufe da faifai. Lokacin kaiwa ya yi har ya gota. Albom na gefe a ƙasa, ƙyallensa ɗaure ƙam, ƙulli biyu, ba wanda ya taɓa shi.

Nan Afra'u ta buɗe baki, kuma wallahi da ta yi shiru da ya fi mata. Ta ce ba laifinta ba ne, tsarin manhajar ne haka, duk duniya hoton rufewa a nan yake zama. Ta ce ga baƙin shafi, ga rubutu, ga ƙyalle, kowa shaida ne ba a kwance ba. Ta ce littafi ai yana da gaba yana da baya, ba wanda zai yi zaton mutum zai kama shi a juye. Rabin maganar da Faransanci take yin ta, don in ta rikice can harshenta ke gudu. Tsoro ne fal cikinta, amma ko a lokacin, can ƙasan ranta, haushin tsohon take ji da bai iya riƙe albom ba.

Hajiya ta bar ta ta zazzage tas. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, matar da ake jin faɗanta daga wannan layin kasuwa zuwa wancan.

"Shekara talatin da ɗaya bai taɓa ganin haƙorina ba," in ji ta. Sannan ta ɗago. "Ke ba ki yi allo ba?"

"Na yi, Hajiya."

"Ta ina kike buɗe Alƙur'ani?"

Afra'u ta yi shekara shida a makarantar allo, ta kai izu goma, ko da asubar ranar sai da ta buɗe ta karanta.

Hajiya ta kau da kai ta kira amarya. Zuhra ta fito da lallenta ko dushewa bai yi ba. Hajiya ta nuna mata tiren ta ce ta kai wa Malam, ta durƙusa daga bakin ƙofa, kada ta shiga. Ta ce daga yau ita za ta riƙa kaiwa. Zuhra ta ɗauka ta fita. Hajiya ta bi tiren da kallo har ya sha kwana, sannan ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule.

Afra'u ta koma shago tana jiran tashin ƙura. Ta jira a zo a fasa mata gilashi, ko a aiko a zage ta, ko a kira ta gaban manyan mata. Shiru. Kwana uku, kwana biyar, ba wanda ya zo. Ana gaishe ta a hanya, ana amsa gaisuwarta. Sai ta fara gaya wa kanta abin bai kai yadda ta ɗauka ba, hoto ɗaya ne, kuma mai kyau ne, mutanen Zongo ne da son kambama ƙaramin abu. Har ta zauna ta gyara samfurinta, ta ƙara farin shafi biyu a ƙarshe, ta sa masa suna, ta adana, tana jin ta magance matsala irin ta ƙwararru. Ka ji fa, farin shafi biyu.

Abin da ba ta sani ba, maza ashirin ɗin nan ba su yi zancen a rumfa ba, ba su yi a masallaci ba, mutuncin Alhaji Munir ya fi haka. Gida kowa ya kai shi. Wannan ya dubi matarsa yana murmushi ya ce ashe haka kuke yi in kun rufe ƙofa. Wancan ya ce shi ma a nuna masa nata. Wani ya ce daga yau in an gama cin abinci a wurin wuni ta dawo gida. Kafin Juma'a ta zagayo babu macen da ba ta buɗe ƙasan akwatinta ta duba ɗan albom ɗinta ba, wasu suka canza masa maɓoya, wata 'yar Kumasi ta cusa nata a murhu. Hajiya Hamdiya ba ta ce wa kowa komai ba, rumfarta ma sai da ta yi kwana goma a rufe.

Mako biyu bayan haka aka yi wuni a gidan Hajiya Barakatu, mai aurar da jikarta. Tun wata biyu aka gaya wa Afra'u, kuma ba a aiko an ce ta fasa ba. Ta ɗauki wannan a matsayin an yafe. Ta ci ado, ta rataya kyamara biyu, ta isa bayan la'asar. Tun daga zaure take jin ƙwarya na tashi, ana guɗa. Ta ƙwanƙwasa ta faɗi sunanta yadda ta saba.

Aka daɗe ba a buɗe ba. Kiɗan ya tsaya. Ta ji motsi, ana jan kujeru, ana raɗa. Da aka zare sakata ta shiga, ta tarar da mata sun fi sittin zaune a jere, kowace da ɗankwali daram, mayafi har goshi, hannu a kan cinya. Gumi na bin fuskokinsu, ƙirji na hawa da sauka, amma ba mai motsi. An jefa zane a kan bahon ƙwarya. Matan da suka yi shekara tara suna jan hannunta cikin fili, suna ce mata ɗauke ni nan, ɗauke ni ina juyi, yau suka amsa sallamarta baki ɗaya, da ladabi, ido a ƙasa. Hajiya Hamdiya na layin baya, ba a ganin komai nata sai tsinin hanci.

Hajiya Barakatu ta tarbe ta da fara'a, ta yi mata sannu da zuwa, ta tambayi mahaifiyarta. Ta jera mata dangin amarya, ta ɗauka. Ta jera dangin ango, ta ɗauka. Ƙawaye suka tsaya bayan amarya kamar masu hoton fasfo. Afra'u ta yi ƙarfin hali ta ce ko za a ɗan saki jiki, a ɗan yi dariya, a taɓa kiɗan. Ba wadda ta nuna ta ji. Duka-duka minti goma sha biyar.

"Kin gama, 'yata? To madalla. Allah ya yi albarka."

Ta riƙo hannunta har zaure, da mutunci, ba ja ba turi. A bakin ƙofa akwai kwando cike da ƙullin abinci a leda, kason da ake fitar wa direbobi da masu kawo kujerun haya. Hajiya Barakatu ta zaɓo ɗaya mai nama biyu ta danƙa mata, ta ce a gaida gida. Ƙofa ta rufu, sakata ta shiga.

Afra'u ta tsaya a zauren, kyamara biyu a wuya, ledar shinkafa na ƙona mata tafin hannu. Ba ta kai ga taka ƙafa waje ba ta ji an yaye zane daga kan baho, wata ta rangaɗa guɗa, ƙwarya ta tashi.